Muryar da Ba Ta Numfashi

Shekara talatin da ɗaya Baba Injiniya ya yi a gidan rediyon nan, kuma a duk tsawon shekarun babu wanda ya taɓa jin muryarsa a iska. Aikinsa muryoyin mutane ne. Yana zaune bayan gilashi da abin sauraro a kunne, ya ɗaga wannan ya sauke wancan, in baƙo ya kusa haɗiye makirufo sai ya ƙwanƙwasa gilashin ya nuna masa yatsa huɗu, wato tazarar da za a bari tsakanin baki da ƙarfe. Manyan gari sun bi umarnin yatsun nan, mawaƙa ma haka. Ko 'ya'yansa in sun kira shi a waya, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ce, "Matsar da wayar, kana busa mini a kunne."

Doka ɗaya gare shi, wadda kowa ya haddace tun daga manaja har mai shara: ba a yanke wa mutum numfashi. A yanke tari, a yanke "eh to, eh to", a yanke ƙarya ma in an gane inda ta fara, amma numfashi a bar shi inda Allah ya ajiye shi. Tun zamanin da ake yanka kaset da reza yake faɗin haka. Yaran yanzu da suka koyi aiki a kwamfuta sukan share numfashi tas don magana ta fita sumul, shi kuwa in ya ji sai ya yamutse fuska ya ce, "Gawa kuka sa a rediyo?" Matarsa ta sha wannan huɗuba a wurin cin abinci har ta ƙoshi. Tela ce, rediyonta na kan taga kusa da keken ɗinki, kuma takan ce ko ba a ambaci sunansa ba tana gane shirin da ya bi ta hannunsa, kamar yadda shi ma ya kamata ya riƙa gane ɗinkinta, abin da bai taɓa iyawa ba.

Ranar Litinin da hantsi Furodusa ta faɗo ɗakinsa, sallamar ma a bakin ƙofa ta bar rabinta, ita dama kullum kamar an biyo ta. Yarinya ce mai ƙoƙari, sa'ar 'yarsa ta fari. Ita ke shirya tattaunawar ranar Alhamis, ita kuma ke gabatarwa.

"Baba Injiniya, wannan makon akwai zafi," ta ce. "Luwaɗi za mu tattauna. Na samo likita, na samo malam, na samo farfesa. Kuma na samo ɗaya daga cikin masu abin, ya yarda na ɗauki muryarsa ta waya. Minti goma sha ɗaya ne. A canza muryar yadda ko uwarsa ba za ta gane shi ba."

"Uwarsa ai ta riga ta yi asara," ya ce, yana karɓar filash ɗin da ta miƙo masa da hirar a ciki. "Allah ya shirya. Ajiye ki tafi."

Canza murya ba baƙon aiki ba ne a wurinsa. Ya canza ta ɓarayin da suka tuba da ta waɗanda ke shirin tuba, ya canza ta ma'aikatan da ke tona asirin ogoginsu. Shi kaɗai ke jin muryar gaskiya, sauran duniya su ji abin da ya ba su, kuma bai taɓa kai labarin kowa gida ba. Ya ƙarasa shayinsa, ya sa abin sauraro, ya danna.

Kafin mutumin ya ce uffan sai da ya ja numfashi. A ƙarshen numfashin akwai wani ɗan siririn fito, kamar na butar shayi da ta fara ɗaukar zafi. Baba Injiniya ya tsayar da na'urar.

Ya san fiton nan. Ɗansa na uku tun yana rarrafe asma ta kama shi, ƙirjinsa ya riƙa fito har yayyensa suka sa masa suna Usur. Sunan ya bi shi firamare, ya bi shi jami'a. Yanzu shekararsa ashirin da tara, malamin lissafi ne a sakandare, ɗalibai na miƙe masa in ya shiga aji, gida kuwa har gobe Usur ne. Duk Asabar yakan zo cin abincin rana, ya zura wa uwarsa zare a allurai guda biyar ta ajiye na mako, ya yi musun ƙwallo da ubansa, ya tafi.

"Masu asma ai da yawa suke a duniya," Baba Injiniya ya gaya wa kansa. Ya sake dannawa.

"Ni ban zaɓa ba," in ji muryar. "Da zaɓi ne, wa zai zaɓi wannan? Tun ina ɗan shekara sha uku na san ni daban ne. Na yi azumi, na yi addu'a har na rasa me zan ƙara cewa. Na je wurin likita a wani gari inda ba a san ni ba, ya ce ba shi da maganin da zai ba ni. Na je wurin malami, ya ce in ƙara haƙuri in yi aure. Na kusa yi. Sai na dubi yarinyar na ga ba ta yi mini laifin komai ba."

Furodusa ta tambaye shi ko iyayensa sun sani.

"A'a. Duk Asabar ina cin abinci da su." Numfashi, da fito a ƙarshe. "Ina ci ina tunanin ko wannan ne na ƙarshe."

Baba Injiniya ya saurara har aka gama. Furodusa ta yi godiya, ta kuma manta ba ta kashe na'urar ɗaukar ba, kamar yadda ta saba, don haka ragowar hirar ma ta shiga.

"Wa zai canza muryar?" in ji Usur.

"Injiniyanmu. Tsoho ne, amma ya iya aikinsa, kada ka damu."

"Na sani. Ya iya."

Gidajen rediyo bakwai ne a garin. Baba Injiniya ya ƙirga su da yatsa, ya sake ƙirgawa, bakwai ɗin dai. Yaron da ke koyar da lissafi bai yi ɓatan kai ya faɗo wannan ba. Ya rasa bakin da zai gaya wa ubansa ne, sai ya aiko masa da maganar ta wurin aiki, inda ya san dole uban ya saurara har ƙarshe.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Fushi ne ya fara zuwa masa, sai kunya ta biyo, sai tsoro, kuma tsoron ne ya samu kujera ya zauna. A ƙasar ana ɗaure mutum a kan wannan, kafin ma a kai gaban alƙali unguwa ta gama nata hukuncin. Ɗalibai sun fi ɗari biyu da ke jin fiton nan kullum a gaban allo, ga malaman makaranta, ga maƙwabta, ga mai ɗinki a bakin taga. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu na yamma duk za su ji. Shi mutumin sahun farko ne a masallaci, bai taɓa shakkar cewa abin zunubi ne ba, kuma ranar ma bai yi shakka ba. Ya bi liman sallar azahar har aka sallame bai san raka'a nawa aka yi ba. Da ya koma gida matarsa ta tambaye shi lafiya, ya ce ciwon kai ne, ta ba shi ƙwaya biyu ya haɗiye.

Ranar Talata baƙin suka zo a ɗauki tattaunawa. Malam babban mutum ne mai babbar murya, sallamarsa kaɗai ta kai allurar mitar auna sauti cikin ja, sai da aka nuna masa yatsa huɗu sau uku. Farfesa na da zobe, kuma duk jimlar da ya yi sai ya rufe ta da ƙwanƙwasa tebur. Likita mace ce siririya, tana magana kamar wadda ke tsoron tada mara lafiya, sai da Baba Injiniya ya tura maɓallin ƙara muryarta har ƙurya. Ranar ya yi abin da bai saba ba. Shekara talatin da ɗaya ƙarar magana yake saurare, ma'anar kuwa ya bar wa masu rediyo a gida, amma ranar har kai ya matso kusa da gilashi.

"Haramun ne," in ji Malam. "Babu kwana-kwana a ciki. An halaka al'umma guda a kansa, kuma labarin na nan a Littafi, wanda ya ga dama ya je ya karanta."

"Ni ba fatawa aka kira ni in bayar ba," in ji Likita. "Abin da na sani shi ne, an fi shekara talatin da cire shi daga jerin cututtuka. An bincika ƙwayoyin gado na dubban mutane, ba a samu abu guda da za a nuna a ce ga dalilin ba. Akwai gado a ciki, akwai kuma abin da ba mu sani ba. Abubuwan da aka gwada da sunan magani ba su canza mutane ba, sai dai su bar su da ciwon damuwa."

"To in ba cuta ba ce, ai ya tabbata laifi ne."

"Hagu ma ba cuta ba ce, Malam."

"Bahago ai ana koya masa ci da dama."

"Ana koya masa. Yana ci da dama, yana nan bahagonsa."

"To ci da damar muke nema," in ji Malam. "Abin da ke cikin zuciya tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Aiki ake rubutawa."

Furodusa ta juya ga Farfesa ta ce masu sauraro da yawa na cewa Turawa ne suka kawo abin. Farfesa ya gyara gilashinsa ya ce kalmomin da muke zagin mutanen da su sun girmi jirgin sama, kuma ba a raɗa wa abin da babu shi suna. Ya ce a ƙasashe da yawa ma dokar ɗaurin ce Turawa suka kawo suka bari. Ya ƙwanƙwasa tebur.

"To su zo su ɗauki tasu," in ji Malam. "Tamu ta girme ta."

"Al'umma kuma," Farfesa ya ci gaba, kamar ba a yi magana ba, "ba ta cika damuwa da yadda mutum yake ba. In ya yi aure ya haihu ya ja bakinsa ya yi shiru, har shugaban kwamitin unguwa za mu ba shi. Abin da ba mu yafewa shi ne ya faɗa." Ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu.

Haka aka yi minti arba'in, kowa ya fita da abin da ya shigo da shi. Baba Injiniya ya shiga tattara wayoyi, ya yi ta naɗe waya ɗaya har sai da Likita ta rage ita kaɗai tana neman makullin motarta a jaka.

"Likita, in tambaye ki. Asma tana jawo wannan abin?"

"A'a, Baba."

"Maganin asma fa? Wanda ake shaƙa?"

"Shi ma a'a."

"Uban da aiki ya hana shi zaman gida fa?"

Ta daina neman makullin ta dube shi. "A'a, Baba. Ba laifin uban ba ne."

"Don shirin nake tambaya," ya ce.

"Na gane," ta ce.

Malam kuwa a baranda ya same shi yana jiran direbansa.

"Allah gafarta Malam, in ɗan mutum ne fa?"

"Ɗan wa?"

"Wani ne ya ce in tambaya."

Malam ya sauke murya, saukewar da ko allurar mita ba za ta motsa ba, abin da aka yi minti arba'in ana roƙonsa ya yi. "Ka gaya wa wanin, haram haram ne ko ɗan wa ya yi. Amma ba a ce ya tona masa asiri ba, hana shi ma aka yi. Ya yi masa nasiha, ya yi masa addu'a, kada ya rufe masa ƙofa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ya kore shi, wa ya bar wa shi?"

"Me ya sa ba ka faɗi wannan a makirufo ba?"

"Ba a tambaye ni ba," in ji Malam. Motarsa ta iso ya shiga.

Ranar Laraba bayan azahar ɗakin tace murya ba kowa, Baba Injiniya ya kulle ƙofa ya zauna. Ya fara sauke muryar ƙasa, Usur ya koma wani ƙaton direban tirela, amma fiton na nan, ya ɗan yi kauri ne kawai. Ya ɗaga ta sama, Usur ya koma kamar 'yar firamare, fiton ya ƙara tsini. Ya sa amo, ya sa ƙugi, ya gwada dabarun da bai taɓa nuna wa yaran ofis ba. Na'urar ta canza murya yadda aka ce ta yi, ƙirjin kuwa ta bar shi yadda ta same shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaron zai ɗago kai a numfashi na farko.

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar. Sannan ya ja kibiya ya zagaye numfashin farko, ya yanke.

Guda ɗari da talatin da bakwai ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da yake hannu ba ya manta tarbiyyarsa, duk inda ya cire numfashi sai ya bar shiru daidai tsawonsa, don kada magana ta hau kan magana. Ya cire kalmar "Asabar". Ya cire wani wuri da yaron ya yi suɓul da baka ya ce "ɗalibaina". Ya cire "Na sani, ya iya", bayan ya saurare ta sau huɗu. Da ya zo share numfashin sai hannun ya ƙi. Ya buɗe sabon fayil ya jera su a ciki, suka tashi minti ɗaya da daƙiƙa arba'in, ya sa masa suna "gwaji" ya tura a wayarsa. Asalin hirar kuwa ya goge ta daga kwamfuta da filash, ya kira Furodusa ya tsaya a kanta har ta goge ta wayarta, ya ce dokar aiki ce.

Ta sa abin sauraro ta ji minti ɗaya, ta zaro ido. "Baba Injiniya, numfashi ka yanke?"

"Ke kika ce ko uwarsa kada ta gane."

"Kai da kake cewa gawa muke sawa a rediyo?"

"Tsufa ne."

Ta yi dariya ta ce ashe da rabon su ga Baba ya waye, ta fita ta ba yaran ofis labari, suka zo ɗaya bayan ɗaya suna yi masa barka.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu shirin ya fita. Direban tirelar ya yi maganarsa ta minti goma ba tare da ya ja iska ko sau ɗaya ba, sannan aka buɗe layi. Wani ya ce a kashe su. Wani ya ce a yi musu addu'a tukuna. Wani ya kira ya gai da abokansa na tasha. Wata mata ta kira ta yi shiru na daƙiƙa goma ta kashe. Baba Injiniya ya daidaita muryar kowa yadda ya kamata, har da mai cewa a kashe, wanda layinsa ke da ƙara.

A motar haya da zai koma gida maganar ake yi. Wani fasinja ya ce da zai gane mutumin da ya nuna masa. Direba ya yi tsaki ya ce, "Wane mutum? Ba ku ji muryar ba? Inji ne. Gidan rediyon ne suka haɗa abinsu don a saurare su. Mu garin nan ba mu da irin waɗannan." Mota ta yarda da direba. A shekara talatin da ɗaya babu yabon da ya kai wa Baba Injiniya wannan daɗi, har ya ce wa kwandasta ya riƙe canji.

Ya isa gida rana ba ta faɗi ba. Matarsa na bakin taga a kan keke tana haɗa wuyan wata riga. Rediyon a kashe yake, abin da ba ya faruwa sai in an yi rasuwa ko batir ya ƙare.

"Sannu da zuwa."

"Yauwa, sannu da aiki."

Ta kawo masa ruwa ta koma kan keken. Ta taka, ta tsaya, ta juya rigar.

"Na ji shirinku."

"To."

"Malam ya yi ƙoƙari. Likitar ma ta yi, sai dai kamar ba ta karya ba."

"Haka muryarta take."

"Shi kuma wancan bawan Allah, ba ya numfashi."

Baba Injiniya ya ajiye kofin. "Na'ura ce. In an canza murya haka take yi."

"Ɓarawon nan na bara ma ai na'urar ce ta canza shi. Yana numfashi kamar mai hawa bene."

"Yaran ofis ne suka yi aikin."

"Yaran ofis ba sa barin shiru, maganarsu hawa kan juna take yi. Wannan an cire numfashin an bar masa wurinsa, daidai wa daida. Hannunka ne." Ta yanke zare da haƙori. "Shekara talatin ka hana ni cin abinci cikin kwanciyar hankali da zancen numfashi. Mutumin nan da ya zage ka a gaban manaja ma ba ka yanke masa ba. Na kashe rediyo na zauna na duba duniya kaf, wa za ka yi wa wannan? Kuma wa ke da numfashin da in an ji shi an ji sunansa?"

Kwana huɗu ya yi yana shirya wa gari, da makaranta, da 'yan sanda, bai shirya wa wadda ta fi kowa sanin aikinsa ba. Ya zauna a kan kujerar da masu kawo ɗinki ke zama.

"Kin gane ke nan."

"Kai ka gaya mini." Ta kawar da kai wajen taga. "Na daɗe ina jin wani abu a jikina. Duk yarinyar da na nuna masa sai ya yaba hankalinta ya canza magana. Ban so in sani ba, wallahi ban so ba. Da ka bar shi da fitonsa ma, da sai in ce masu asma da yawa suke."

"Zunubi ne," ya ce.

"Na sani. Ni ma makarantar da ka je na je."

"To me za mu yi?"

Ta miƙo hannu. "Ina ka zuba su?"

"Me?"

"Numfashin. Kai da ƙusa mai lanƙwasa ba ka iya zubarwa."

Ya ciro wayar ya nemo "gwaji" ya ba ta. Ta kanga a kunne. Daga inda yake zaune yana jiyo su ƙasa-ƙasa, ɗaya na bin ɗaya ba magana a tsakani, kowanne da ɗan fitonsa. Wajen rabi hawaye suka zubo mata, ta sa hannu ta janye rigar mutane gefe don kada ta jiƙe, ta ci gaba da saurare. Shi ma nasa idon ya cika don tausayin yaron da tausayinta, sai ya kama kallon ƙafar keken ɗinki kamar bai taɓa ganinta ba.

Da ya ƙare ta share fuska da gefen mayafi.

"Ya daina shaƙar maganinsa," ta ce. "Ka ji na wajen ƙarshe? Ƙirjin a cushe yake."

Kafin ya ce wani abu ta nemo lambar a wayarsa ta danna. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, har ya fara fatan kada a ɗauka. Aka ɗauka.

"Ba babanka ba ne, ni ce," ta ce. "Ina abin shaƙarka? Kada ka yi mini ƙarya, na ji ƙirjinka. Eh, na ji. Babanka ya ajiye mini." Ta saurara. "Gobe ka je ka sayi sabo. Kuma alluraina sun ƙare tun jiya, ina ta fama da zare. Ga shi nan."

Ta miƙa masa wayar ta koma kan keke, amma ba ta taka ba.

Baba Injiniya ya kanga wayar a kunne. Yana da nasihar Malam a baki, yana da tambayoyi, yana da faɗan da ya kwana huɗu yana tsarawa, duk ya ajiye su gefe. Numfashi kawai ke zuwa, da sauri, dab da wayar, yana busa masa a kunne.

"Baba," in ji Usur daga baya. "In matsar da wayar ne?"

"A'a," ya ce. "Bar ta a nan."

Ya ci gaba da sauraren numfashin.

"Asabar ƙarfe nawa za ka zo?" in ji Baba Injiniya.